Littafin Baba da Takalman da Nomau Ya Ɗora a Ka

Tun da jikin nan ya fara yi mini gardama nake son in gyara wata magana, kafin ku buɗe adakata bayan raina ku ga abin da ke ciki ku ce tsohon nan ya rufe mu. Maganar littafin kakanku ce, Arzika Mai Fata, da maganar Baba Nomau na Turba, wanda har yau in kun gamu da jikokinsa a kasuwar Isa kuke ce musu jikokin mai takalmi a ka. Na ji ku da kunnena, kai Sani har da tafi kake yi, da furfurarka. To ku zauna ku ji yadda takalmin ya hau kan, don ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san gaskiyar abin, kuma hannuna na ciki dumu-dumu.

Kakanku fataucin fatar akuya yake yi. Yakan bi kasuwanni, Sabon Birni, Kurawa, Burkusuma, wani lokaci ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulki, ya tara fatun jajayen awakin nan namu, ya baje su a ƙasa bayan gida ya kafe da tsinke, rana ta gasa su har su yi ƙaƙas, sannan ya ɗaure wa jakuna sai Ƙauran Namoda inda kantin Turawa ke saye. Bai taɓa dawowa ba tare da faɗa ba. Akawun kanti zai ɗaga fatarsa ya juya ta, ya jefa ta lamba uku, ta wasu kuwa lamba ɗaya. Baba ya ce ƙiyayya ce tsagwaronta, akawun zanen Gobirci ya gani a fuskarsa. Inna ba ta taɓa musa masa ba, sai dai ta ce Allah shi kyauta ta aje masa fura.

Ina ɗan shekara shida ko bakwai, zamanin da Turawa ke da ƙasa, ya dawo daga kasuwar Isa da wani abu a aljihun gaban rigarsa. Littafin boko ne, siriri, bangonsa ruwan ƙasa, da hotuna a ciki. Ya ce Bature ya ba shi hannu da hannu. A unguwarmu babu mai boko ko ɗaya, malaman allo kuwa ko da tsinke ba su taɓa irin wannan takarda. Da aka yi la'asar sai Baba ya shimfiɗa buzunsa gindin itacen bedi na ƙofar gida, ya tofa yawu a yatsa, ya buɗe littafin daga dama kamar yadda ake buɗe kowane littafi da muka sani, ya gyara murya ya fara karanta mana labarin Bunsuru Mai Jar Riga.

Wayyo, wannan labari! Shafin farko jirgin ruwa ne an loda masa ƙunshi-ƙunshi, to a cikin ƙunshin nan ɓarayi suka ɓoye jar rigar bunsuru, suka bar shi tsirara yana rawar ɗari a bakin gulbi. Ya rantse ba zai koma gida ba sai da rigarsa. A shafi na gaba ga wani ƙwaro, girmansa ya cika takardar baki ɗaya, da gashi a ƙafafu, da baki kamar awartaki. Baba ya ce ƙwaron ya fi sa girma, suka kwana bakwai suna kokawa, tattakin da suka yi shi ya haƙa gulbin Bunsuru, shi ya sa ake kiransa haka. Daga nan sai ga rigar a yashe cikin rana an gicciya mata baƙin zane biyu, wato sihirin da aka yi mata. Sai ga ta kuma a kurkuku, an ɗaure ta da igiya ta kowane gefe tsakanin itace huɗu. Sai ga mutum da wuƙa, Sarkin Ɓarayi ke nan, wanda bunsuru ya yi wa wayo ya sa shi ya yanke igiyoyin da hannunsa. A shafin ƙarshe kuwa ga gogan tsaye cikin rigarsa, ya ɗaga gemu, ba ko ƙwarzane. Hoton baƙi da fari ne, amma Baba ya ce ja ne, mu kuwa ja muka gani.

Ni da Yaya Hassi, wadda nake bi, mun ji labarin nan ya fi sau ɗari, kuma kullum in an zo wurin ƙwaro sai ta damƙe mini hannu har farcenta ya shiga. Yaran unguwa suka fara taruwa, sannan iyayensu maza, suna cewa sun zo shan iska ne. Inna takan tsayar da daka ta matso bayan zana. In Baba ya tsallake wani wuri sai ka ji muryarta daga ciki:

"Malam, ka manta inda yat taka wutsiyar kada."

"Ban manta ba, shahin ne ya manne."

Haka sunansa ya tashi daga Mai Fata ya koma Mai Littafi. Mutane suka ce wurin akawunan Ƙaura ya tsinci boko, shi kuma bai ce i ba, bai ce a'a ba. Mutum ɗaya ne bai yarda ba, Baba Nomau, mahauci ne a Turba, ɗan ƙanwar kakanmu, wato taubashin Baba. Kun san taubashi, ya faɗa maka abin da ya ga dama a tsakiyar kasuwa, ba ka da ikon yin fushi. Duk zuwan da zai yi sai ya tsugunna gaban buzun Baba ya leƙa littafin ya kece da dariya.

"Arzika, ji tsoron Allah. Kai da ko shanyar hwata ba ka iya ba, ina kai ina karatun Nasara? Aradu ƙarya kaka yi wa ɗiyan ga."

"Tashi ka ba ni wuri, mai warin tumbi. Mi kas sani ban da hanji?"

"To ku shaida, jama'a. Ranad da wani mai boko na gaske yak karanta wanga littahi yah hito da bunsurun ga, ni Nomau za ni ɗora takalman Arzika bisa kaina in zaga kasuwa."

Aka yi ta dariya, don wa ke ɗaukar maganar taubashi? Ni dai haushinsa nake ji ƙwarai, har na taɓa zuba masa ƙaiƙayi a takalmi, Inna ta zane ni.

Shekarar da dogarai suka zo ɗibar yara zuwa makarantar elementare ta Isa, gari ya watse. Wani ya tura ɗansa ruga wajen Burkusuma, wani ya tsallakar da nasa iyaka, wani ya sa nasa a rumbu ya rufe. Ni kuwa na tsaya gaban Baba ina kuka da majina, na ce a kai ni, ina son in karanta Mai Jar Riga da kaina. Inna ta riga ta ɗaure mini tsummokaraina, da gari ya waye za a wuce da ni ruga wurin wani abokin cinikinsa. Baba ya daɗe yana kallona, yana murza gemu. Washegari shi da kansa ya ɗora ni a jaki ya miƙa ni ga dogarai, maƙwabta na cewa Mai Littafi ya haukace. Daga ranar nan kuma littafin ya shiga adaka, makullin ya koma cikin layar wuyansa. In na zo hutu na roƙa, sai ya ce hannuna da datti, ko ya ce in bari sai na ƙara girma.

Kada ku ɗauka ubanku wawa ne. Ranar da malam ya nuna mana daga hagu ake fara boko, nan take na tuna yatsan Baba yana tafiya daga dama. Da na je makarantar midil a Sakkwato na gama sani cewa kakanku bai iya ko harafi ɗaya ba. Amma na sama wa kaina mafita, na ce wani akawu ne ya karanta masa ya haddace, ai ba laifi ba ne. Labarin dai yana cikin littafin, wannan ban taɓa shakka ba, kuma duk littafin da na karanta a makaranta sai in ce bai kama ƙafar namu ba. Ina ɗokin ranar da za ni buɗe shi in gamu da bunsuruna ido da ido.

Ranar ta zo shekarar da aka haifi Sani. Lokacin ina koyarwa a Isa, Turawa ba su tafi ba tukuna, Baba kuwa yanar ido ta rufe shi, sai dai ya gane mutum da murya. Sunan yayarku ta fari ban zauna ba, kunya ta kore ni gidan aboki, amma na Sani na zauna daram a ƙofar gida. Na zo a keke tare da Malam Ladan, abokin aikina, mutumin kirki, sai dai ba ya ganin kuskure ya ƙyale, ko a fatiha ne. An raɗa suna, an raba goro, Baba Nomau ya feɗe rago ya wanke hannu ya zauna. Hantsi ya yi mutane ba su watse ba, ƙofar gida maƙil, har da waɗanda suka ji labarin suna yara, yanzu da nasu yaran a cinya. Sai ga Yaya Hassi ta leƙo daga zaure da littafin a hannu, fuskarta fal murna. Ashe da Baba ya cire layarsa zai yi wanka ta zare makullin.

"Baba ba shi gani yanzu, ga Ummaru malami guda. A ba shi shi karanta muna Mai Jar Riga, ɗiyanmu su ji awa yadda munka ji."

Wuri ya ɗauka, kowa na cewa a karanta, a karanta. Wani dattijo ya tuna, ya nuna Baba Nomau da sanda ya ce yau ga mai boko na gaske, yau za a san wa zai ɗauki takalmi. Na dubi Baba. Ya zauna tsam, idanun nan farare suna kallon inda babu kowa, hannunsa na lalubar gefen buzu. Abin da ya ba ni mamaki, Baba Nomau da bakinsa ba ya rufuwa ya yi gum, ya sunkuya yana goge wuƙar da ya riga ya goge.

Na karɓi littafin da daɗi, wallahi da daɗi. Na buɗe shi daga hagu, irin ta malamai. Ga bunsuruna tsaye a shafin farko, ba na ƙarshe ba. Na karanta layin da ke ƙarƙashinsa a zuci, na sake karantawa. Jama'a, ashe littafin ofishin dabbobi ne, na koya wa mahauta da fatake yadda ake fiɗa da shanyar fatar akuya! Mai wuƙar nan ba Sarkin Ɓarayi ba ne, ana nuna irin wuƙa mai zagayayyen baki ce wadda ba ta huda fata. Kurkukun nan itacen shanya ne, a ɗaure fata a miƙe cikin inuwa iska ta busar da ita. Baƙin zanen da aka gicciya ba sihiri ba ne, cewa ake yi kada a baje fata a ƙasa cikin rana. Dodon ƙwaron da ya hana mu barci bai fi ƙwayar gero ba, an ƙara masa girma ne don a gane shi. A ƙarshe kuma a ƙunshe fatu a loda wa jirgi. Babu Mai Jar Riga, ko kalma ɗaya babu. Abin da aka rubuta shi ne a yanka shi a feɗe a sayar, Baba ne da ya faro daga dama ya tashe shi ya mayar masa da rigarsa.

Dariya ta taso mini, kuka ya taso mini, duka biyu na danne. Ga mutane sun zuba mini ido. In na karanta abin da ke rubuce, shekara ashirin da wani abu ta Mai Littafi ta rushe a ƙofar gidansa, ranar sunan jikansa, yana makaho ba ya ko iya tashi ya shige gida. In na faɗi abin da ba ya rubuce, ni da nake dukan yara a kan ƙarya na zama shugabansu, ga kuma Malam Ladan kafaɗarsa na gogar tawa, idonsa a kan takardar. Ban daɗe ina shawara ba, kada in yi wa kaina kirarin da ban kai ba. Na rufe littafin, na juya shi, na tofa yawu a yatsa, na buɗe daga dama.

"Wata rana, a bakin wani babban gulbi, ɓarayi sunka sace wa bunsuru jar rigarsa..."

Ban tsallake komai ba, har wutsiyar kada. Na yi muryar ƙwaro yadda Baba ke yi, yara suka ƙanƙame iyayensu, Yaya Hassi na hawaye a bakin zaure tana faɗin kalmomin kafin in faɗa. Na saci kallon Baba, na ga leɓɓansa na motsi tare da nawa. Da na kai shafin da gogan ke tsaye cikin rigarsa, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. A daidai nan Malam Ladan ya miƙo hannu ya kama gefen littafin.

"Malam Ummaru, gafarta, ai kamar a juye ka riƙe shi. Ba ni in..."

Bai ƙarasa ba. Baba Nomau ya yi wuf ya tashi, tsoho da shi, ya faɗo tsakaninmu har ya ture hannun Malam Ladan, ya suri takalman Baba, wasu faɗe na fatar saniya da suka sha tafiya, ya ɗora su a kan hularsa.

"Na sha kashi, jama'a! Arzika ya iya, ni ne jahili! Ku taso ku raka ni kasuwa, kowa shi gani!"

Ranar kasuwar garinmu Sabon Birni ce kuwa. Wuri ya rikice, maroƙa suka bi shi da kalangu, yara na ihu, shi yana gaba yana rangaji da takalmi a ka, yana tsayawa rumfa rumfa yana gaishe da mutane. Malam Ladan ma dariya ta kwashe shi ya bi ayari. Kafin in bi ayarin na mayar da littafin adaka na kulle, na ba Baba makullinsa. Ni dai na bi su a baya ina tafi tare da kowa, amma na san mutumin da ke gaba da takalmi a ka shi ne mai gaskiya.

Washegari da hantsi, baƙi sun tafi, Baba ya sa aka kira ni turakarsa. Ya ce in tura ƙyaure. Ya lalubo makullin ya miƙo mini.

"Jiya ka karanta nawa. Yau karanta mini nasu. Tun ranad da Baturen nan yab ba ni shi nika son in san mi ac ciki, ba ni da wanda za ni tambaya."

Na karanta masa tun daga farko, daga hagu. Da na zo wurin da aka ce fatar da aka baje a ƙasa cikin rana tana ƙonewa ta ciki, kanti ba ya ba ta sai lamba ta ƙasa, sai ya ce in tsaya in maimaita. Na maimaita. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da dariya irin wadda ban taɓa ji ya yi ba, har da buga cinya, har tari ya sarƙe shi Inna ta rugo da ruwa.

"Shekara nawa ina zagin akawun Ƙaura, ashe maganin na cikin adakata na kulle shi da makulli! Wayyo ni Arzika! Kuma ɗan banzan nan Nomau ya sha hwaɗa mini in shanya a inuwa, na ce ban ɗaukar shawarar mai warin tumbi."

Na ce, ashe Baba Nomau ya san wani abu a kan littafin?

"Ya sani mana. Shina wurin Baturen tun da hwari, ya ji duk bayanin tafinta. Ni na makara, na iske ana rabon takarda. Shi ma an ba shi nashi, ya naɗe tsire da shi."

Na zauna baki buɗe. Wato tun ranar farko mutumin nan ya san abin da ke cikin littafin shafi shafi. Kalma ɗaya zai faɗa a ƙofar gidanmu komai ya ƙare, amma bai taɓa wuce "ƙarya kake" ba, wadda ya san ba mai yarda da ita daga bakin taubashi. Na ji kunyar ƙaiƙayin da na zuba masa tun ina yaro ta dawo sabuwa. Sai na tambayi Baba abin da ya daɗe yana cina, na ce tunda ya san in na iya boko asirinsa zai tonu, me ya sa bai bari an kai ni ruga ba? Ya share hawayen dariya da bakin riga, ya ce:

"Na kwana ina wanga tunani. Na ga gida ɗaya ba shi ɗaukar mai karatun ƙarya da mai na gaskiya, dole ɗaya shi ba ɗaya wuri. Na ce gara kai."

Wannan karon kukan ne ya ci, ban ɓoye ba.

Abin da ya biyo baya kun san shi, ko da ba ku san dalili ba. Ni ma na kulle littafin kamar yadda ya kulle, na ba ku labarin Mai Jar Riga da ka, in kun roƙi ku gani in ce hannunku da datti. Yaya Hassi ta rasu ba ta sani ba, kuma ban yi nadamar wannan ba ko kaɗan. Abin da ke damuna Baba Nomau ne. Na je Turba sau biyu da niyyar in yi masa godiya, duk sau biyun da ya ga na fara sai ya ce in tashi in ba shi wuri, ɗan Mai Littafi ya zo yi masa gori. Ya koma ga Allah da sunan mai takalmi a ka, sunan ya bi 'ya'yansa, ya bi jikokinsa, ni ina ji ina gani na yi shiru don kada na ubana ya ɓaci.

To ubana ya daɗe a inda suna ba ya ɓaci, ni ma na kusa. Littafin na cikin adaka, makullin na wuyana. Ku buɗe shi ta dama ku ba 'ya'yanku labarin kakanku, ban yafe ba in kuka bar shi ya mutu, don har yau ban karanta wanda ya fi shi ba. Amma kafin nan, kai Sani, tunda ranar sunanka aka yi abin, kuma kai ka fi kowa tafi, ka ɗauki littafin ka kai Turba, ka tara jikokin Nomau ka karanta musu ta hagu. In ka isa ƙofar gidan kada ka bar takalmanka a zaure. Ka ɗora su a ka, sannan ka yi sallama.